Naman kaza da tarihin tsinton daji a ƙasarmu



Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san safiyar da ke biyo bayan ruwan dare a watan Agusta. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, hatsi ya wuce gwiwa, sai ka ga wani farin abu ya tsago ƙasa a gindin suri ko kusa da ruɓaɓɓen icce, kamar ƴar laima. Yara su ce laimar kwaɗi, su sa ƙafa su shure ta. Tsofaffi kuwa suna da wani suna, naman kaza, kuma ba kowace laima suke kira haka ba. Sunan kaɗai ya isa shaida, don ba a raɗa ma abu sunan nama sai an taɓa sa shi a tukunya. Yau tarihin wannan tsinto za mu waiwaya, mu ga gurbinsa a rayuwar kakanninmu da yadda saninsa ke kuɓuce mana.

Mu fara da sanin abin kansa. Naman kaza ba ganye ba ne, ba ya fure, ba ya da ƙwaya irin ta hatsi. Ainihin jikinsa wasu siraran zare ne da ke yaɗo cikin ƙasa ko cikin mataccen icce, laimar da muke gani kuwa kamar ɗan icce take, tana fitowa in ruwa ya wadata, kwana kaɗan ta ruɓe. Wanda aka fi yabo a Afirka shi ne na suri. Gara ce ke noma shi: tana kwaso busasshiyar ciyawa da icce, ta tauna, ta gina wani abu mai kama da soso a cikin surin, zaren ya tsiro a kai, ita kuma ta ci. Masana sun ƙiyasta cewa wannan noma ya kai shekara miliyan 30, wato gara ta riga ɗan Adam gona nesa ba kusa ba. A 1942 wani masani Bafaranshe, Roger Heim, ya sa ma wannan dangi suna Termitomyces. A Zambiya akwai irinsa da faɗin laimarsa ke kusan mita guda. Har yau ba a iya noma na suri don kasuwa ba, sai dai a je a tsinto. In babu suri babu shi.

Kakanninmu sun ɗauki daji tamkar rumbu mai ɗaki biyu. Ɗaki na farko na kowace shekara ne, lokacin nan da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ga noma ya yi zafi. A nan mata da yara ke fita da ƙorai su ɗebo tafasa, gasaya, lalo, yaɗiya da rama, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a yi miya. A nan ne naman kaza yake da gurbinsa, don shi ɗan marka ne, yana zuwa daidai lokacin da nama ya fi ƙarfin talaka. Ya fi yawa can kudu inda ruwa ke sauka sosai, kamar wajen Gaya da ke samun kusan milimita 800 a shekara, alhali Maraɗi ba ta cika wuce 500 da wani abu ba.

Ɗaki na biyu sai shekarar masifa ake buɗe shi. In ruwa ya ɗauke, naman kaza ba ya fitowa, sai a koma ga masu jure fari: anza, jiga, aduwa, magarya, goruba, har da ƙwayar ƙarangiya da ake sussukewa a niƙa. Tarihinmu cike yake da irin waɗannan shekaru, kuma kowace da sunanta. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa suka kira ta Kakalaba, Zabarmawa suka ce Gande Beri. A 1931 fara ta cinye gonaki a yammacin ƙasa, Turawan mulki kuma ba su sassauta haraji da aikin tilas ba, mutane da yawa suka mutu, wasu suka tsallaka Najeriya. A irin waɗannan shekaru har gidan tururuwa aka tona don a kwashe ƴar ƙwayar da ta tara. Malamin tarihi ɗan ƙasarmu, Boureima Alpha Gado, ya tattara labarin waɗannan yunwoyi a littafin da ya fitar a 1993.

Abin lura a nan, ɗakunan biyu duk da mabuɗi ɗaya ake buɗe su, shi ne sani. Ƙwayar anza ɗaci gare ta, kuma tana cutarwa in ba a jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa ba. Naman kaza akwai na ci akwai na ajali. Wannan ilimi ba a rubuta shi a allo ba, ba a koyar da shi a makarantar boko ba. Yarinya ce ke bin kakarta daji, tana gani, ana ce mata ɗauki wannan, bar wancan.

To me ya faru? Da farko dajin ne ya canza hannu. A ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe tsakanin Maraɗi da Tsibiri a gefe guda da daular Sakkwato a ɗaya gefen sun sa jama'a sun matsu a bakin Gulbi da garuruwa masu ganuwa, daji mai duhu ya kewaye su. Da yaƙi ya kwanta a farkon ƙarni na 20, sai aka bazu ana sara ana kafa sababbin ƙauyuka. Ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji ga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Aka shata gandaye, aka hana taɓa wasu itatuwa, aka sa ma'aikata masu cin tara. Dokar farko ta bayan ƴancin kai, ta 1974, ita ma ta bar icce a hannun hukuma. Manomi ya ga iccen da ke gonarsa ba nasa ba ne, sai abin jawo masa tara, don haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun ba a gani ba.

Sai kuma gyaɗa. Daga shekarun 1930 har ƙarshen 1960 ita ce kuɗin ƙasar Maraɗi da Damagaram, an ma kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Mu ma muka ƙaru: wajen miliyan 3 muke a 1960, ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 17. Birane suka buɗe baki suna cin iccen wuta, dazuzzuka irin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi suka yi ta ja da baya. Naman kaza kuwa inuwa yake so, da ruɓaɓɓen ganye, da surin da ba a rushe ba. Inda aka share waɗannan, kaka ba ta da abin da za ta nuna ma jikarta.

Farin 1973 ya zo ya kashe dabbobi da itatuwa, har ya zama cikin dalilan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. Na 1984 ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, shi ya sa mutanen Maraɗi suka sa ma yunwar suna El Buhari. Amma daga cikin wannan wahala aka fara farfaɗowa. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. A daidai wannan lokaci manoman jahar, tare da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, suka fara barin tohon kututture yana girma a gona maimakon a sare shi, abin da muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an maido da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ba jama'ar ƙauye hannu wajen kula da dazuzzukansu. Gawo da kalgo da sabara sun dawo a gonaki da yawa. Icce yana tohowa daga saiwa, amma sanin da ya tafi da tsohuwa kabari ba ya da saiwar da zai toho.

Akwai kuma kunya, mu faɗa ma kanmu gaskiya. A 2005 yunwa ta yi tsanani, an kwantar da dubun dubatar yara masu tamowa a Maraɗi da Damagaram, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai hotunan da duniya ta gani na mata suna tsinkar ganye sun sa an ɗauki cin ganyen daji alamar halaka, alhali wani abincinmu ne na kowace damana. Mu kanmu muka ara muka yafa. Ɗan birni ya ga kwanon tafasa sai ya ce abincin wahala, naman kaza kuwa ƙazanta. Ga shi zogala, da aka yi mata gata aka shuka ta a garka, yau ita ce abin alfahari a kasuwannin Yamai. A Damagaram ma kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayen anza da aduwa wurin matan ƙauye yana sarrafa su.

Masu bincike su ma sun waiwayo. A yankin gandun W, wanda aka ayyana a 1954 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996, Gurmawa sun riƙe sanin naman kaza fiye da sauranmu. A 2010 Oumarou Hama, masani ɗan Nijar, da abokan aikinsa na Burkina Faso da Turai suka bayyana wani iri da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba, suka sa masa suna Agaricus subsaharianus, ana cin sa a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya. Ku duba fa, abin da jami'a ta sa ma suna a 2010, mutanen ƙauye sun daɗe suna miya da shi.

Yanzu ga gargaɗi, kuma don Allah a riƙe shi da hannu biyu. Kada wannan labari ya sa wani ya ɗauki ƙwarya gobe da safe ya shiga daji shi kaɗai. Akwai wata babbar farar laima da ke fitowa cikin ciyawa a ƙasashe masu zafi, ta yi kama da ta ci sosai, in ta tsufa ƙarƙashinta yakan koma kore-kore. Wadda duk ta shiga ciki sai amai da gudawa mai tsanani. Akwai kuma masu dafin da ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe shi, shanya ba ta kashe shi, kuma alamunsa kan ɓoye awa 6 har zuwa 24 kafin su bayyana. Maganar cewa in akuya ko tsutsa ta ci to lafiya lau ne, ba gaskiya ba ce. Hoton da aka turo a WhatsApp shi ma bai isa hujja ba. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba, a garzaya da shi gidan likita tare da ragowar abin da ya ci, kada a tsaya jiran gobe. A kuma sa ido kan yara ƙanana a wannan lokaci na marka.

Abin da ya rage mana shi ne tsofaffin da ke raye. A garuruwan kudu, daga Gaya zuwa Madarunfa har Magarya, wanda yake da kaka ko gwaggo da ta san tsinto ya je ya zauna da ita kafin damanar nan ta wuce. Ya tambaye ta sunan kowane iri da harshen garinsu, inda yake fitowa, watan da yake fitowa, da wanda aka hana su taɓawa. Ga salula a aljihun kowa, a naɗi muryarta a ajiye. In aka fita gona da ita, a bar ta ita ta nuna da hannunta. Kuma in ka tarar da suri a gefen gonarka bai tare maka kunya ba, ka bar shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka riƙe mu da ganye da ɗiyan itace, ya ba mu damana mai albarka, ya raba mu da ganin irin Kakalaba. Amin.