Halwa da Natsuwa: Daga Patanjali Zuwa Ƙasar Zamfara

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin hoton wani Ba'indiye a wayarka, ya harɗe ƙafafu, ya lumshe ido, aka ce maka yoga yake yi. Galibinmu mun ɗauke ta motsa jiki kawai, alhali asalinta horon zuciya ne. Littafin da ya tsara ta, wanda ake jingina wa wani malamin Indiya mai suna Patanjali, ya haura shekara 1,500, kuma ya kasa tafarkin zuwa matakai 8. Zaman jiki da sarrafa numfashi suna tsakiya. Uku na ƙarshe su ne tsayar da hankali a kan abu guda, sai ɗorewa a kansa ba yankewa, sai matakin da suke kira samadi, inda mutum yake nutsewa cikin abin da yake tunani har ya manta da kansa.

Malaman Musulunci sun san wannan littafi tun da daɗewa. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya fassara shi zuwa Larabci kimanin shekara 1,000 da ta wuce, kuma a littafinsa kan Indiya ya kwatanta wasu maganganunsu da na Sufaye. Aƙidun sun sha bamban ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ɗan Adam, ko'ina yake, yake neman hanyar kwantar da zuciya mai yawo.

A ƙasarmu hanyar tana da nata sunaye: halwa, zikiri, wuridi, kushu'i, da fana'i a bakin Sufaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, Baƙadire ne. Ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, kafin ya koma Ɗegel. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya kai shekara 40, wato wajen 1794, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, keɓewar ba ta raba shi da mutane ba. Bayan shekara 10 ya yi hijira zuwa Gudu, a 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, Namoda, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin yaƙin. Ɗansa Muhammadu Bello ya yi rubutu kan maganin basir da ciwon ido. A gidan da aka riƙe wuridi, a nan aka karanta ilimin magani, ba wanda ya ce ɗaya ya wadatar da barin ɗaya.

Saɓanin malamai kan ɗariƙa kuwa, na bar wa masu shi. Ni mai harhaɗa magunguna ne.

Likitocin Turai sun zo a makare. A 1975 Herbert Benson na jami'ar Harvard a Amurka ya fitar da littafi kan abin da ya auna a jikin masu irin wannan zama: bugun zuciya yana raguwa, numfashi yana lafawa. Ya ce abu biyu ake buƙata, maimaita kalma ko addu'a, da mayar da hankali a hankali duk lokacin da ya kuɓuce. Tsohuwar da take jan carbi bayan Asuba a Kasuwar Daji ta cika sharuɗɗan biyu ba tare da ta ji sunansa ba.

To, ga inda abin ya shafe ka. Shekarun nan, daga Zurmi zuwa Shinkafi, mutane da yawa sun rabu da barci saboda 'yan bindiga. Suna zuwa tagar ba da magani da faɗuwar gaba da ciwon kai, wasu tuni sun saba da diazepam ko tramadol na kemis. Zama na minti 10 zuwa 20, safe da yamma, da numfashi a hankali da ambaton da ka saba, yana rage fargaba, yana taimaka wa barci. Saukin da yake kawo wa hawan jini kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin ƙwaya ba. Na ga dattijon da ya ajiye amlodipine ɗinsa don ya ji zuciyarsa ta kwanta, bayan wata biyu aka kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini ba ya sallama.

Mai ciwon suga da yake kan insulin ko glibenclamide, idan zai shiga halwa mai azumi, ya fara ganin likita, don suga na iya faɗuwa yana shi kaɗai a ɗaki. Wanda ya daɗe yana shan diazepam kada ya yanke shi dare ɗaya, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ana rage shi ne sannu a hankali. Wanda kuma aka taɓa sacewa, ko ya ga kisa da idonsa, rufe ido cikin shiru kan dawo masa da abin da ya gani. Irinsa ya zauna ido buɗe, kusa da ɗan'uwa. Idan kuwa ɗanka ya keɓe, ya daina ci da barci, yana jin muryoyi, ku kai shi asibiti a ranar, ko da mutanen unguwa suna cewa buɗi ne ya zo masa.