Tarihin Hular Kwano: Daga Hatsarin Lawrence Zuwa Ƙwaryar 'Yan Acaɓa

Da aka nemi in rubuto wani abu na tarihi don wannan fitowa, sai na zaɓi hular kwano. Dalilina shi ne da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda bai taɓa zuwa dubiya ko ta'aziyyar wani da babur ya kayar ba, kuma yawancinmu 'ya'yanmu da jikokinmu a kan babur suke yini.

Kare kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin 'yan lifida sun daɗe da sanin kwalkwali. To amma kwalkwali an yi shi ne don saran takobi da harbin kibiya. Matsalar mai babur daban ce, shi kansa ne ke tafe a guje har ya tarar da kwalta.

Wanda aka fara ji da wannan damuwa wani likita ne a Ingila, Eric Gardner, mai duba masu tseren babur a filin Brooklands. Da ya gaji da ganin fasassun kawuna, sai ya sa aka ɗinka huluna na tamfol aka ƙame su da wani irin ƙaro, aka tilasta wa mahaya sa su a gasar tsibirin Man ta 1914. Mahayan sun yi ta gunaguni, amma raunin ka ya ragu. Sai dai abin bai wuce filin tsere ba.

Labarin ya sake tasowa ne ranar 13 ga Mayu, 1935. T. E. Lawrence, Baturen sojan nan da ya yi suna a yaƙin Larabawa da Turkawa, wanda wasunmu suka kalli fim ɗinsa na 1962 a silima, yana tafe a kan babur ɗinsa ƙirar Brough Superior kusa da gidansa a yankin Dorset, sai ga yara biyu a kan kekuna cikin wani kwari. Garin kauce musu babur ya watsar da shi. Ba hula a kansa. Kwana shida ya yi bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 19 ga wata yana da shekara 46.

Cikin likitocin da aka kira kansa akwai Hugh Cairns, haifaffen Ostareliya, wanda ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka wurin shahararren likitan nan Harvey Cushing. Wannan mutuwa ta tsaya masa a rai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cairns na kula da asibitin sojoji masu raunin ka a Oksfod, sai ya lura cewa matasan sojoji masu kai saƙo a kan babur suna ta mutuwa a titunan Ingila tun ba su ga abokan gaba ba, ga shi ana kashe fitilu da dare saboda jiragen Jamus. A 1941 ya buga bincikensa a mujallar likitocin Birtaniya, inda ya nuna cewa fiye da mutum 2,000 masu babur da fasinjojinsu sun mutu cikin watanni 21 na farkon yaƙin, galibi ta raunin ka. A watan Nuwamba na shekarar rundunar soja ta wajabta hula ga duk sojan da zai hau babur.

A nan ne nake so malamanmu na Fiziks su gyara zama, domin sauran labarin nasu ne. Cairns ya yi aiki tare da wani masanin Fiziks mai suna Holbourn, wanda a 1943 ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa aba ce mai laushi da ke lilo cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsaya ba tukuna, sai ta bugi ƙashi daga ciki. Mafi muni kuma shi ne idan kan ya juya da ƙarfi, domin nan ne ƙwaƙwalwa ke murɗewa, siraran jijiyoyinta su tsinke. Shi ya sa mutum zai faɗi, a duba ba jini ba karaya, amma ya suma, ko ya tashi yana amai bai san inda yake ba.

Saboda haka taurin bayan hula ba shi ne duka aikin ba. Ku tuna darasin ƙwai: ka sake shi a kan siminti ya fashe, ka sake shi a kan katifa ya tsira, alhali tsayin ɗaya ne. Bambancin kawai katifa ta ƙara masa ɗan lokaci kafin ya tsaya. A 1953 wani malamin jami'a a Kalifoniya, Charles Lombard, ya yi rajistar hula mai shimfiɗa a ciki wadda ke lotsewa ta shanye bugu. Hulunan yau suna amfani da farin abin nan marar nauyi, irin wanda ake tokare sabon rediyo da shi cikin kwali. Ni a ganina wannan shimfiɗa ita ce hular, bawon waje ɗan rakiya ne. Kuma sau ɗaya take aiki, in ta lotse ba ta komawa, don haka hular da aka taɓa yin hatsari da ita ta gama yayinta ko da bayanta na ƙyalli.

Doka kuwa ta yi nawa. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ce ta fara wajabta wa farar hula a 1961. Birtaniya ba ta yi ba sai 1973, shekara 21 bayan rasuwar Cairns. A 1976 kuma ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani, wato ke nan gardamar rawani da hular kwano ba a kanmu aka fara ta ba. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2008 ya gano cewa hula na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin ka kuma da kimanin kashi 69. Ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, saboda murɗewar nan da Holbourn ya faɗa. Don ita ne wasu masana a Suwidin suka ƙirƙiro tsarin MIPS, wata siririyar shimfiɗa da ke barin hula ta ɗan zame a kan kai lokacin bugu.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hula ranar 1 ga Janairu, 2009. Duk mun ga abin da ya biyo baya. Farashin hula ya tashi, fasinjoji suka ƙi sa wadda wani ya cire, wasu don tsoron ƙaiƙayi da ƙwarƙwata, wasu don jita-jitar asiri. 'Yan acaɓa kuwa a Kano da wasu garuruwa suka kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙetare. An sha dariya, amma ni ban ga laifinsu su kaɗai ba. An ce musu su sa abu mai tauri a ka ko a kama babur, ba wanda ya zauna ya yi musu darasin ƙwai da katifa. Wasunsu ma da suka fid da kuɗi, hular leburorin gini suka saya, wadda aka yi don dutsen da zai faɗo daga sama, ba ta da shimfiɗar nan a ciki, yawanci kuma ba maɗauri a haɓa, babur na tuntsurewa ita ce ke fara tashi.