Babban Gwani, Maginin Masallacin Zariya

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Babban Duhu, ya san soron ƙasa: tubali, azara, yaɓe, da indararo mai zubar da ruwan damina. Wannan sana'a ta magina ta yi gwanin da har gobe ake ambatonsa, wato Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani.

Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Aikin ba wasa ba ne, domin ana son zauren da zai ɗauki sahu-sahu na masallata, ga shi babu siminti, babu rodi.

Abin da ke hannunsa ƙasa ce da azara. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta, amma in aka shimfiɗa ta da tsawo aka ɗora mata nauyi, sai ta lanƙwashe. Dabarar ita ce bakan gizo. Magini zai kafa azara a jikin ginshiƙi, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe kafin ya ƙara hawa na gaba. Haka ɓangarorin biyu za su yi ta kusantar juna har su haɗu a sama. Babban Gwani ya sarƙa bakunan, ya ɗora musu tulluwa, sannan aka ƙawata ginshiƙan da zane mai tudu.

Sunansa ya kai ƙasar Bauchi, inda ake danganta masa Gidan Madaki na Kafin Madaki. Labarin baka kuwa ya ce a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya gama wani gini, don kada ya yi wa wani sarki irinsa.

A shekarun 1970 aka ta da sabon masallacin siminti a Zariya, wanda ya rufe abin da ya rage na tsohon. Kafin nan, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna tsohon masallacin ciki da waje, daga baya aka gina kwafinsa da ƙasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.