Firgi, Garin Da Ƙaro Ya Gina

'Yar'uwa mai karatu, akwai arzikin da yakan zame wa mai shi garkuwa, ya kuma zame masa mari a ƙafa. Ƙauyen Firgi ya isa shaida. Yana kudancin tsibirin Kiyos na ƙasar Girka, dab da gaɓar Turkiyya.

Arzikin nasu wani ƙaro ne mai ƙanshi da Larabawa ke kira mistika. Ana tauna shi, ana sa shi a abinci da turare, kuma kudancin tsibirin nan shi ne gidansa. Da zafi ya kama sai a share gindin bishiya, a barbaɗa farar ƙasa, a tsattsaga bawon, ƙaron ya riƙa ɗiga kamar hawaye har ya daskare.

A 1346 mutanen Jenowa ta Italiya suka kama tsibirin saboda cinikin nan. A zamaninsu ƙauyen ya zama tamkar ganuwa: gida manne da gida, bayan gidaje shi ne katanga, lunguna ƙanana, ga doguwar hasumiya a tsakiya, wadda daga gare ta sunan Firgi ya fito. Wai don tsoron 'yan fashin teku. To amma kin san ƙofar da ta hana ɓarawo shiga, ita ke hana manomi fita da ƙaronsa a ɓoye.

Turkawa suka karɓa a 1566. Da aka yi wa mutanen tsibirin kisan gilla a 1822, da farko an ɗaga wa ƙauyukan ƙaro ƙafa, don fadar Santambul ba ta iya rabuwa da shi, kodayake daga baya fitinar ta kai ga wasunsu. Sai a 1912 tsibirin ya shiga hannun Girka.

Majami'unsu ma sun ɗauki halin garin. Ta Manzanni ta haura shekara 600, amma a ɓoye take, sai kin bi wani siririn soro daga dandali. Wani mutumin tsibirin Kirit ne ya zana bangonta a 1665. Babbar majami'ar Maryamu, ginin 1694, ita ce a bakin dandali, ta sha adon baƙi da fari irin na gidajen garin: a yi yaɓe da baƙin yashi, a shafa farar ƙasa, a kankare zane tun bai bushe ba.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan garin. Su ke zama a ƙofar gida, ga tumatir rataye yana shan iska, su ɗauki 'yar wuƙa suna tsabtace ƙaro ƙwaya-ƙwaya, wata da watanni. Jenowa ta ci, Santambul ta ci, duk sun wuce. A 2014 UNESCO ta sa sana'ar cikin kayan gadon duniya. Shin da wa ya riƙe ta, in ba hannayen nan ba?