Wa ke Babba a Gidan Likita?

Masu kallon Urgences, wasan talabijin na Amurka (1994–2009), sun saba ganin ma'aikatan wani asibitin Shikago suna zaman ƴan uwa, suna kuma ja-in-ja kan shugabanci. A jihar Diffa, tushen wannan ja-in-ja ya girmi talabijin. Makarantar likitanci da Faransa ta buɗe a Dakar a 1918 mataimaka take yayewa. Umarni na hannun likitocin soja Turawa, kuma daga barikinsu muka gaji kalmar majo, babban mai jinya. Har gobe, a asibitocin bakin Komadugu, matashin likita kan iso da digirinsa ya tarar da majo mai furfura, kowa na ce masa baba, makullin ɗakin magani na aljihunsa.