Motar Katako Ma Tana Kwalliya

Yau zancen mota na zo muku da shi. Na san wata za ta ce, "To, mu ina ruwanmu da mota?" Ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu, za ki ga mun yi ruwa mun yi tsaki a cikin maganar.

Ina ƙarama, kawuna mai fentin manyan motoci ne, rumfarsa tana bakin hanyar Sharaɗa. In aka aike ni kai masa abinci, sai in shagala da kallo har Inna ta aiko a nemo ni. Za a kawo mota fayau, daga kai sai shasi, ba ta da jiki. Kafintoci su gina mata bodi da katako mai ƙwari irin wanda ake kawowa daga Kudu. Sannan Kawu ya ɗauki alli ya fitar da zane, ya bi da burushi da fentin mai, ja da kore da ruwan ɗorawa. Kafin mako ya zagayo, sai ki ga zaki a ƙofar baya, ga ɗawisu ya baje jela, ga Dagin Arewa, ga masallaci da hasumiyarsa. Wallahi motar sai ta fito kamar amarya ranar kai ta ɗaki.

Asalin abin yana haɗe da tarihin kasuwancin Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka tara dalar gyaɗa. To amma jirgi ba ya shiga ƙauye, mota ce ke kwaso amfanin gona ta kawo birni. Tun a shekarun 1950 masana'antu suka fara tsayawa a Bompai, daga baya a shekarun 1970 da 1980 Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa. Ana matsar man gyaɗa, ana saƙa yadi, ana yin alewa, roba da kwanuka, ga majemun fata a Challawa. Duk wannan kaya sai an yi masa dako zuwa Legas, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram. Motoci irin su Bedford da Marsandi 911 su suka sha wannan aiki, har a farkon shekarun 1980 kamfanin NTM da ke hanyar Zariya ya riƙa harhaɗa manyan motocin Fiat a nan Kano.

Me ya sa ake ƙawata su? Direba yakan yi makonni bai kwana gida ba, motar ita ce ɗakinsa. Kuma mota ɗari in sun jeru a bakin ƙofar kamfani, mai kaya da zanen yake gane tasa, ko da bai yi boko ba. Sannan ga rubutun goshi da na baya, inda mai mota ke faɗin abin da ke ransa: "Haƙuri maganin zaman duniya", ko "Hassada ga mai rabo taki ce". Wani addu'a ce, wani kuwa habaici ne ga maƙiya, irin dai wanda muka iya a tsakar gida. Marigayi Ɗan Maraya Jos ma sai da ya yi wa karen mota waƙa, don a san mutanen hanya suna da daraja.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Pakistan ana ƙawata manyan motoci da madubai da sarƙoƙi. A Filifin, jif-jif ɗin da sojan Amurka suka bari bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 aka mayar motocin haya masu ado. A 2015 kuwa, wani gidan tarihi a birnin Paris ya ajiye motar haya mai zane ta Dakar, mutane na zuwa kallo.

Mu fa? Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, ga matsalar wutar lantarki, masana'antu da yawa suka rufe. Dako ya ragu, tireloli masu bodin ƙarfe suka yawaita, sitika ta kwamfuta ta ƙwace wa burushi kasuwa. Kawu ya rasu ba shi da magaji a sana'ar, ko hoton mota ɗaya da ya zana ba mu ajiye ba. Wannan yana ci mini rai har gobe. Sai dai son adon bai mutu ba, ki duba bayan A Daidaita Sahu, da suka shigo Kano a 2005, za ki ga fure da karin magana.

To 'yar uwa, ga inda maganar ta iso kanki. Hannun da ya zana ɗawisu a jikin mota, da naki mai zana lalle, mai ɗinkin hula, mai jeren kwano a ɗaki, duk baiwa ɗaya ce daga Allah. In kin ga ɗanki ko 'yarki na zane da gawayi a bango, kafin ki ɗauko bulala ki sayo masa takarda da fensir. In kuma akwai tsohon direba ko mai fenti a danginku, ki sa yara su zauna su ji labari daga bakinsa tun yana raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye mazajenmu da ke kan hanya, amin.