Martanin masu kallo ga wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu

Martanin masu kallo ga wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu shi ne yadda jama'a, a cikin ƙasar da wajenta, suke karɓar shirye-shirye masu dogon zango da tashoshin talabijin irin su KBS da MBC da SBS da JTBC suke haskawa. A Koriya ra'ayin mai kallo yakan shafi shiri tun kafin ya ƙare: yana iya sa a tsawaita shi, ko a sauya ƙarshensa, ko a dakatar da shi baki ɗaya.

Ɗauka ana haskawa

Tushen wannan tasiri yana cikin yadda aka daɗe ana shirya wasannin. Yawanci ana haska kashi biyu a mako, kuma a da 'yan kashin farko ne kaɗai ake kammalawa kafin a fara nunawa. Sauran ana rubuta su ana ɗauka yayin da shirin yake gudana, wani lokaci ma sai a wurin ɗauka ake miƙa wa 'yan wasa shafukan da za su haddace. Don haka marubuci yana ganin alƙaluman masu kallo, yana jin abin da ake faɗa, kafin ya rubuta kashi na gaba.

Shirin Dae Jang Geum na MBC (2003 zuwa 2004) an tsara shi a kan kashi 50, amma ya kai 54. Jumong (2006 zuwa 2007) kuwa daga 60 ya koma 81 saboda karɓuwar da ya samu. Nauyin wannan tsari a kan ma'aikata yake sauka, domin sukan kwana a wurin aiki don kada lokacin haskawa ya kuɓuce. An fara samun sauyi da shirye-shirye irin su Descendants of the Sun (2016), wanda aka kammala ɗaukarsa gaba ɗaya tun da wuri domin hukumomin tace shirye-shirye na ƙasar Sin su duba shi, a haska shi lokaci guda a ƙasashen biyu.

Laƙabi da zagi

Masu kallo sukan raɗa wa shiri suna. Sandglass na SBS (1995) sunansa da Koriyanci Moraesigye, wato agogon yashi, amma jama'a suka riƙa kiransa gwigasigye, agogon komawa gida, saboda yadda tituna suke yin tsit idan lokacinsa ya yi.

Kalmar makjang asalinta tana nufin ƙarshen ramin haƙar ma'adinai, inda babu sauran hanya. Da ita ake kiran wasannin da suka cika da sirrin haihuwa da cin amanar aure da ramuwar gayya. A Temptation of Wife (2008 zuwa 2009), matar da aka zata ta mutu ta dawo da ɗigon baƙi a ƙasan idonta, kuma mijinta bai gane ta ba. Koriyawa suna cewa irin waɗannan wasanni ne da ake kallo ana zagi, kuma zagin bai cika rage yawan masu kallonsu ba.

Ƙorafi kan tarihi

Inda martanin ya fi zafi shi ne kan tarihin ƙasa. A watan Maris na 2021 SBS ta fara haska Joseon Exorcist, wanda aka tsara a kan kashi 16. Masu kallo sun fusata da ganin abinci da kayan ɗaki irin na Sin a labarin da ya shafi daular Joseon, da kuma nuna Sarki Taejong yana kashe talakawa. Lamarin ya zo ne a lokacin da ake sa-in-sa tsakanin Koriyawa da Sinawa kan asalin kimchi da tufafin hanbok. Kamfanoni suka janye tallace-tallacensu, tashar ta soke shirin bayan kashi biyu kacal.

A watan Disamba na shekarar, Snowdrop na JTBC ya fuskanci irin wannan. An gina labarinsa a 1987, shekarar gwagwarmayar dimokuraɗiyya, kuma masu suka sun ce yana ƙarfafa tsohon zargin da gwamnatin soja take yi wa masu zanga-zanga cewa 'yan leƙen asirin Koriya ta Arewa ne. Mutane fiye da 300,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar shugaban ƙasa. Kotu ta ƙi dakatar da shirin, aka haska shi har ƙarshe.

A ƙasashen waje

Winter Sonata (2002) ya shahara a Japan bayan da NHK ta fara nuna shi a 2003, musamman a wajen mata masu matsakaicin shekaru. Sun laƙaba wa jarumin shirin, Bae Yong-joon, suna Yon-sama, da ɗafin girmamawa na sama da ake amfani da shi ga manyan mutane. Dubban mata suka tarbe shi a filin jirgin sama na Haneda a 2004, tsibirin Nami da aka ɗauki wasu fitowar ya zama wurin yawon buɗe ido. A Iran, Dae Jang Geum da Jumong ne suka fi shiga zukatan jama'a. A Sin kuma My Love from the Star ya jawo yayin cin soyayyar kaza da giya a 2014, saboda abin da jarumar shirin take so ke nan.

Fassara da kalmomin dangantaka

Bayan fitowar Squid Game a Netflix a watan Satumba na 2021, an yi ta muhawara kan fassarar Turanci da ake rubutawa a ƙasan allo. Babbar matsalar ita ce kalmomin kiran na gaba. Koriyanci yana la'akari da jinsin mai magana: mace tana kiran wanta oppa, yayarta eonni, namiji kuma yana cewa hyeong da nuna. Ana kuma amfani da su ga wanda ba ɗan'uwa na jini ba, kamar yadda Bahaushe yake cewa Yaya ga wanda ya girme shi, sai dai Yaya bai rarrabe jinsi ba. A cikin shirin, Ali, ɗan ci-rani daga Pakistan, yana kiran Sang-woo sajangnim, wato mai gida a wurin aiki, har Sang-woo ya ce ya riƙa kiransa hyeong. Wannan sauyin kira shi ne yake sa yaudarar da ta biyo baya a wasan duwatsun gilashi ta yi ciwo, kuma Turanci ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauke shi.

A wannan watan ne ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya ƙara kalmomi 26 masu asali daga Koriya, ciki har da hallyu da oppa da daebak.